Babin da Yarinyar Ta Koma

Dawa ta kai ta rufe mutum lokacin da yayana ya kwaso iyalinsa daga ƙauyenmu na bayan Tsafe ya sauke mini su a Gusau. 'Yan bindiga ne suka shiga garin da hantsi, suka kora shanu da mutane. Hatsinsa ya bari a tsaye, kuma bai sake maganarsa ba.

Babbar 'yarsa ba ta wuce shekara goma ba. A da aku ce, in ta fara zuba sai ka toshe kunne. Wannan karon ta zo mini shiru. Ni kuwa malamar firamare ce, ba abin da ke ƙona mini rai irin in ga yarinya zaune a gida ana kaɗa ƙararrawa. Na ɗinka mata yunifom, na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa da alewa. Amsarta ɗaya ce: "Ba ni zuwa, Gwaggo."

Da dabara ta ƙare sai na ce bari in bi ta bayan gida. Na zauna na fara rubuta mata littafin yara a kan wata makarantar sihiri, don ta ji makaranta ta shiga ranta. Maigidana ya leƙa ya ce, "Malama guda, kin koma rubuta tsafi? Bari liman ya ji." Na ce masa liman ma da tatsuniya aka raine shi, ya matsa mini daga haske.

Makarantar a cikin wani dutse take, ƙofarta ba ta buɗewa sai ga yaron da ya yi mata sallama da ladabi. Ana koyar da jin maganar tsuntsaye da ƙulle ruwan sama a gefen zane. Na sa 'yan mata biyu ƙawaye, ɗaya mai wushirya da rawar kai, ɗaya mai tsoron kaza. Na kuma sa wani dodo mai satar inuwar ɗalibai, wanda duk aka sace tasa sai ya manta sunansa. Gaskiya na ji kaina ya yi girma.

Bayan la'asar nake karanta mata, a gindin darbejiyar tsakar gida. Abin ya ci. Ranar da mai tsoron kaza ta haye tebur saboda ɗan tsako, yarinyar nan ta yi dariya har da tuntsurawa, uwarta ta fito daga madafa tana kallonmu. Daga nan ta fara yi mini gyara. Wai balbela ba ta magana da wanda ba shi da shanu. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce, "Ƙawata 'yar ruga. Benci guda muke." Wata rana ma ta tambaye ni ko ajin makarantarmu yana da taga babba. Na ce a raina, kifi ya kusa shiga koma.

Sai na kawo babin da na fi ji da shi. Dodo ya fasa dutsen, ɗalibai suka watse, mai tsoron kaza ta faɗi. Mai wushirya ta riga ta kai bakin ƙofa, sai ta ji kiran ƙawarta, ta juya ta koma. Ina karantawa ina ɗaga murya kamar mai wa'azi, na ɗago don in ga ta washe baki.

"Gwaggo," ta ce, "ita wagga ba ta da uwa?"

Na ce tana da ita mana.

"To mi yas sa tak koma? Innarta ba ta gaya mata ba a komawa?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Na bi uwarta madafa na tarar tana tuƙa tuwo, ta ji duk abin da aka yi. Ba ta dubi fuskata ba ta ce, "Ku mutanen birni kuna da daɗin labari. Mu can, yadda anka koya ma yaro alwala haka muke koya mishi gudu. In kaj ji babura, kada ka nemi kowa. Ka faɗa cikin dawa, kowa da tashi hanya. Ba a riƙe hannu, mutum biyu sun fi saurin ganuwa. Ko muryata kaj ji, kada ka waiwaya." Ta ce babu uwar da ba ta biya wa ɗanta wannan karatun, a gari da ruga duka.

Na girma a wannan ƙauyen, amma a zamaninmu kura kawai ake tsorata mu da ita. Ban san an yi sabon karatu a bayana ba.

Washegari ina tsince shinkafa yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni, ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba. Suna aji baburan suka iso. Suka fita ta taga ita da ƙawar, suka nufi gona. Ƙawar ta yi tuntuɓe da kunyar gona, ta kamo hannun yarinyar.

"Ita ma innarta ta gaya mata ba a riƙewa," ta ce. "Amma tar riƙe ni. Ni nif fizge."

Har yau ba a san inda ƙawar take ba. Mutanen rugar ma sun tashi, ba wanda za a tambaya.

Na ce ta yi daidai, maganar uwarta ta bi. Ta ce ta sani. Ta faɗe shi yadda ɗalibi ke ba da amsar da ya haddace. Na ji haushin kaina, na ji haushin ƙasar da ta sa uwaye wannan aiki, na rasa wanda zan huce a kansa.

Taurin kai bai bar ni ba. Na yage babin na sake shi. A sabon, mai wushirya ba ta koma ba, ta ruga ta gaya wa malamai, suka zo da sandunansu suka ƙwato ƙawarta da inuwarta. Na karanta wa yarinyar, ta saurara har ƙarshe, tana wasa da bakin hijabinta.

"Mu ma mun gaya ma manya," ta ce.

Daga ranar ba ta sake neman in karanta ba, ni ma na ajiye alƙalamin. Hanya biyu ce a labarin, ta riga ta san inda kowace take fita.

Da kaka ta yi, wani ɗan'uwanmu ya ara wa yayana fili wajen Furfuri, ya kama musu ɗaki a Bungudu. Ranar tafiya suna ɗora kaya a mota na jawo yarinyar gefe don in gwada na ƙarshe. Na ce makarantar Bungudu tana cikin gari, da katanga, da mutane ko'ina, baburan ba za su kai can ba. Ni kaina ban gama yarda da abin da nake faɗa ba.

Ta ce, "Ba baburan nike tsoro ba, Gwaggo."

Na ce to mene ne?

"In nat tahi, za a ajiye ni benci guda da wata. Sai mu saba."

Direba ya danna hon, uwarta ta kira ta, ta tafi ta shiga motar. Yanzu ta fi uwarta tsawo, kuma ba ta sake taka aji ba.