Baƙon Da Ya Zo Neman Kuskure

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma bai kwashe ranar da na kai Bature neman kuskure makarantar da ta yaye ni ba.

Zamanin En'e ne, wato hukumar gargajiya, jami'a ba ta daɗe da buɗewa ba. Ina mataimakin malami a sashen Turanci, wato matakin ƙasa: kai ne mai duba aikin ɗalibai, kai ne mai ɗaukar kaya. Maigidana wani Dakta ne Bature, muna ce masa Mai Lofe. Bincikensa shi ne ya ɗauki muryar 'yan firamare a tef suna Turanci, ya ga inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe, don a gyara koyarwa. Da ya tambayi inda za mu, ni da rawar kai na ce ƙasarmu.

Ƙa'idar lokacin, ba a shiga makaranta sai da izinin En'e. Muka sauka Kazaure muka gai da wakilin ilimi, ya aika gaba zuwa wani gari a ƙasar Roni. Kafin saƙo ya isa ya zama, "Bature na tafe binciken kurakurai."

Hedimastan garin Malam Sule ne, wanda ya cusa mini Turanci da bakin dorina. Muna sauka ya ja ni gindin maina.

"Habu, da kai za a tona mini asiri? An ce in aka sami kuskure bayan Babura za a jefa ni, bakin iyaka. Da tsufana da iyalina?"

"Ranka ya daɗe, ba duba makaranta muka zo yi ba."

"Duk mai duba makaranta haka yake cewa."

Ashe Malam ya shirya. Duk yaron da bakinsa bai faɗa ba an tura shi gonar makaranta korar tsuntsaye, sauran kuwa an yi musu hadda. Na kunna tef. Dakta ya tambayi wata yarinya me ta karya da shi, ta zayyana masa yadda ruwan sama yake a Ingila, ba ko gargada. Ya tambayi na kusa da ita sunan ubansa, shi ma ya kawo ruwan Ingila. Har azahar ba mu sami kuskure ko na magani ba. Lofen Dakta ya mutu bai sani ba.

Da aka tashi salla na durƙusa gaban Malam, na rantse masa cewa kuskuren shi ne abin da baƙo ya zo nema, in babu, hannu rabbana zai koma. Sai ya ajiye buta.

"Hannu rabbana? Daga garinmu? Kai har yanzu ba ka iya bayani ba. Kuskure ai muna da shi buhu-buhu."

Aka kira 'yan gona. Malam ya kafa doka, duk wanda ya yi daidai gaban baƙo jikinsa zai gaya masa. Yara suka shiga murɗa Turanci, suna ƙirƙiro kurakuran da ba a taɓa ji ba tun da aka halicci harshen. Wani ya manta ya faɗi daidai, Malam ya harare shi, nan take ya ɓata. Dakta ya dafe kai.

Da Malam ya ga baƙo bai ji daɗi ba, ya ɗauka yara ne ke masa rowa. Ya hau su da faɗa da Turanci, irin wanda yake yi kullum, ya manta da kowa. Tef kuwa na juyawa. Na ga idon Dakta ya kawo haske, don duk tuntuɓen da ya zo nema ga su a jere, a bakin da yara ke kwasa. Na raɗa wa Dakta cewa mai faɗan nan malamina ne, kuma kujerarsa na cikin wannan tef.

Dakta ya ce ba suna, ba gari, kuma sai mai murya ya yarda. Na gaya wa Malam yadda ake ciki, ban rage komai ba. Ya shafa gemu.

"Ba suna, ka ce? To, ku tafi da muryar. Baƙo dai bai koma haka ba."

A Kazaure Dakta ya shaida wa wakili bai taɓa ganin hedimasta irin wannan ba, kuma bai yi ƙarya ba. A kan kujerarsa Malam ya yi ritaya.

Ku masu shiga aikin yanzu, abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa ba ka gaskiyar bakinsu sai sun tabbata asirinsu a rufe yake, in kuma sun so ka, sai su ba ka fiye da gaskiyar. Har na bar aiki, kowace shekara ina kunna wa ɗalibai tef ɗin, su yi ta dariya. Nakan bari su gama, sannan in ce, "Wannan da kuke wa dariya, shi ya koya wa wanda ke koya muku."