Garejin Alhaji Sikeli

Mashudu ne sunan da aka raɗa masa, amma daga unguwar Gumani har kara, kasuwar shanu ta Tamale, in ka ce Mashudu sai a yi ta kallonka. Ka ce Alhaji Sikeli, yanzu a nuna maka gidan. Ya samo sunan tun yana ɗan shekara sha tara, ranar da ya dubi wani jan bijimi sau ɗaya ya faɗi nauyin naman da za a samu. Mahauta suka yanka, suka ɗora a sikeli, aka tarar maganarsa ta zauna daram. Daga ranar ya shiga dillancin shanu, daga ranar kuma, Allah ya gani, kansa ya kumbura bai sake sacewa ba.

Ubansa makiyayi ne, ya sauka a Gumani lokacin da wurin duk gonakin doya da masara ne. Mashudu ya yi kiwo, ya kai nono cikin gari a kan keke, daga baya keken ya zama babur, babur ɗin ya tsufa tare da shi. Shekara arba'in da biyu yana zagaya shanu a kara, hannu a goye a baya, ya taɓa tozo, ya leƙa haƙori, ya faɗi magana ɗaya a tashi. Ya loda manyan motoci zuwa Kumasi ba adadi, ya san yadda ake jera bijimai har ba a bar inda kaza za ta tsaya ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba a duk shekarun nan: ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Matarsa, Hajiya Adizatu, takan ce ko gishiri ya zuba a shayi a maimakon sukari, sai ya shanye ya ce da ma haka ya yi niyya.

Wata safiya 'yarsu Zakiya, mai aikin jinya a Kumasi, ta bugo waya. An maido ta aiki Tamale, ta kuma sayi mota, a gidan Baba motar za ta riƙa kwana, ita za ta riƙa sauke shi a kara ya huta da babur. Ta turo hoto, tana tsaye a jikin motar tana murmushi. Alhaji ya riƙe wayar nesa da fuska, ya karkata kai yadda yake yi wa shanun da Fulani ke turo masa hotonsu. Ya san tsawon 'yarsa, sauran lissafin kuma ido ne zai yi. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙa wa Hajiya wayar ya ce ya gama gani.

A gefen ƙofar gida akwai wani faffaɗan ɗaki da ake tara harawa da dusar tumakin Hajiya. Shi Alhaji ya ce za a mayar gareji: a fasa bangon da ke kallon titi, a yi daɓen siminti, a yi shafe, sannan a raba ɗakin biyu da bulo, mota ta ɗauki nata, harawa ta riƙe nata. Aka kira Imurana, mai walda a Dabokpa, wanda ƙofofinsa suka yi suna a gari. Ya iso da magininsa da tef ɗin awo a rataye a ƙugu, ya tarar abokan Alhaji na kara su biyar sun riga shi, suna zaune a benci suna jiran kallo.

"Alhaji, dasiba," in ji Imurana, ya rusuna yana gaisuwar safe da yaren gari.

"Naa, Masta. Ka zo daidai."

"Motan wane iri ne? Ba ni sunan shi in duba faɗin shi a waya."

Alhaji ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa, ya shiga ɗakin, ya lumshe ido ɗaya, ya ja layi a ƙasa daga wannan bango zuwa wancan. "Nan bulo zai tsaya."

Imurana ya zare tef, ya auna, ya sosa ƙeya. "Alhaji, wannan ya matse paa. A ƙara ko taku biyu, don in motan ya shiga…"

Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Masta, lokacin da na fara loda bijimi a mota, babanka bai yi aure ba. Mayar da igiyan tela ɗin nan aljihu." Mutanen benci suka fashe da dariya har da buga cinya. Imurana ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya naɗe tef ɗinsa. Dariyar ta yi wa Alhaji daɗi, daɗin ya kwashe shi, ya juya ya ce, "Ku shaida. In motan nan bai shiga ba, ko ya goga bango, ni Sikeli na bar kara har abada." A cikin gida Hajiya ta ji, ludayi ya suɓuce mata. Ta san mijinta ba ya janye magana, ta kuma san in aka raba shi da kara ba zai yi wata shida da lafiyarsa ba.

Sai zaɓen ƙofa. Imurana ya nuna masa iri uku a waya, Alhaji ya bi su ɗaya-ɗaya yadda yake bin shanu. Mai ganye biyu ya ce a'a, in ta buɗe za ta tare rabin titi, masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, kuma ba sa taka burki don kowa. Mai gungurawa gefe a kan dogon ƙarfe ya ce damina ɗaya taɓo da kashin awaki za su cike dogon. Saura mai naɗewa sama kamar tabarma. Wannan karon bai yarda da hoto ba, sai da ya hau babur har Dabokpa, ya zagaya ta hannu a baya, ya ƙwanƙwasa, ya shafa, ya sa aka buɗe masa murfin injin ya leƙa ciki, duk da bai san me yake nema ba. Injina biyu ne a shagon, ya ɗauki mai batir da sarƙar ja da hannu, saboda ɗan Tamale ba ya bukatar a tuna masa ana ɗauke wuta. Da Imurana ya nuna masa wasu 'yan fitilu biyu da ake maƙalawa a ƙasa, waɗanda ke tsayar da ƙofar in wani abu ya gitta, Alhaji ya yi kabbara a tsakiyar shago.

Ranar Talata aka kafa ƙofar, shuɗiya, sai ƙyalli take. Mota sai Asabar. Kwana huɗun nan Gumani ba ta huta ba. Alhaji ya danna rimot a bakin gareji, ƙofa ta naɗe. Ya ja da baya taku goma ya danna, ta sauko. Ya gwada daga ƙofar masallaci, ya gwada ya juya mata baya, ya gwada daga kan babur yana tafiya, har ya kusa shiga kwata. Ya koyi ɓoye rimot a aljihun batakari, rigarsa ta saƙi, ya tsaya ya ce "Bismillahi, tashi!" ƙofa ta tashi, tsohuwar da ke sayar da koko a tsallaken titi ta rantse ƙofar Alhaji na jin Hausa. Ya kamo ragon Hajiya ya tsayar a ƙarƙashinta don a ga aikin 'yan fitilun, ƙofa ta taho ta tsaya cak, jama'a suka yi tafi, rago ya ƙwace da gudu bai sake bin wannan gefen gidan ba. Mutane suka riƙa zuwa har daga unguwar Changli musamman don kallo. Dattijo mai furfura ya zama sai tsalle da washe baki, kwana biyu cur bai leƙa kara ba.

"Alhaji," in ji Hajiya ranar Alhamis, "ƙofan nan ma bawan Allah ne. Bar shi ya huta."

Asabar bayan la'asar titi ya cika. Makaɗa sun ji labari sun zo ba gayyata, ganguna a hammata. Mutanen kara sun zo su ga ko yau za a yi bankwana da Sikeli. Imurana ya raɓe can baya a jikin bishiya. Da farar motar Zakiya ta kunno kai mata suka ɗau guɗa, Alhaji cikin sabon batakari ya buɗe gaba ya shige kusa da 'yarsa tun kafin ta gama gaishe shi. Ya danna, ƙofa ta naɗe.

Zakiya ta dubi garejin, ta dubi ubanta. "Baba, wurin nan…"

"Naɗe kunnuwan shi ki shiga."

Ta naɗe maduban gefe, ta riƙe numfashi, ta saki burki a hankali. Makaɗa suka tsaya. Mota ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan, bango a dama, bango a hagu, yatsa huɗu nan, yatsa huɗu can. Ta shige duka, ko ƙura ba ta goga ba. Titi ya kece da ihu, gangunan suka barke, ana ta kiran Sikeli, Sikeli. Murna ta cika Alhaji har ƙwalla ta taru masa. Ya danna rimot, ƙofa ta sauko a bayansu, don jama'a su ga har rufewa ta yi. Niyyarsa ya fito ya tsaya a bayan mota, ya ɗage ƙofar a gan shi tsaye hannu a ƙugu.

Ya ja marfin motar. Marfi ya ce ƙwas a jikin bango, ya buɗe faɗin yatsa uku ya tsaya. Ya rufe, ya sake turawa, ƙwas. Zakiya ta gwada nata gefen, shi ma ƙwas. Suka dubi juna a cikin duhu-duhu, kiɗa na shigowa ta ƙasan ƙofa.

Can Alhaji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bijimi in ya shiga mota, shi ke nan an gama. Ba wanda ke zaune a cikin bijimi yana so ya fito."

Zakiya ta cije leɓe. Ta ga gumi a goshin ubanta, tausayinsa ya kama ta. "Baba, ba wanda ya gani. Danna ka buɗe, in koma baya mu sauka a waje, mu ce gwaji ne muka yi. Alkawarinka ya cika, ya shiga, bai goga ba. Wani sati sai a fasa bulo a ɓoye, mu ce Mma ne ya rage tumaki."

Gaskiya ne, hanya ce mai kyau, Alhaji kuma ya so ta ƙwarai. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron mutanen benci da bakinsu. Ya ɗora yatsa a kan rimot. Sai ya hango kansa, mutumin da shekara arba'in da biyu ba a taɓa kama shi ba, yau bangon da ya zana da sandarsa ya kama shi, ga makaɗa a waje suna wasa shi. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya yi ƙoƙarin danne shi ya kasa. Dariya ce. Ya yi ta har hularsa ta faɗo, yana dukan cinya, yana tari, Zakiya ta kifa kai a sitiyari ita ma tana yi, hon ya yi ƙara, waje aka ɗauka gaisuwa ce aka ƙara ihu.

Ya share ido da hannun riga. "Ta ina kaya ke fita?"

"Baba!"

"Kwantar da kujeran baya."

Ƙofar gareji ta naɗe sama. Jama'a suka ga bayan mota, ba Alhaji. Sai murfin but ya ɗaga, takalmi ya fara leƙowa, sannan ƙafa, sannan sabon batakari a tattare har ƙirji, Alhaji Sikeli ya fito da baya-baya yana nishi. Kiɗa ya mutu. Ya miƙe, ya gyara hula, ya miƙa wa Zakiya hannu ita ma ta biyo ta nan. Sannan ya ɗaga kai yana neman wani a cikin taro.

"Masta Imurana, zo nan." Imurana ya taho a ɗarare. Alhaji ya kama hannunsa ya ɗaga murya. "Jama'a, ku ji. Mota ya shiga, mutum ne ba ya fita. Bawan Allah nan ya so ya gaya mini, na toshe mishi baki, na sa kuka yi mishi dariya. Shi ne da gaskiya. Ni na yi kuskure. Masta, ka yafe mini."

Imurana ya zube zai durƙusa, Alhaji ya riƙe shi bai bari ba. Mutanen kara suka dubi juna, ɗaya ya fara, sauran suka bi, aka yi ta dariya har wani ya faɗo daga benci. Alhaji ya tsaya yana jiran abin ya yi masa ciwo, sai ya ji jikinsa sakayau, muryarsa ma ta fi ta kowa tashi.

Ana cikin haka aka ga mata suna darewa. Hajiya Adizatu ce, mayafi a karkace, hannu duk garin tuwo. Ba ta saba ratsa taron maza ba, yau ta ratsa har gaban mijinta. Idonta ya cika da ƙwalla, tana tsakanin kuka da dariya.

"Alhaji," ta ce, "ina madafa, ban ji da kyau ba. Sake faɗa."

Alhaji ya saki hannun Imurana. Ya daina dariya, ya dube ta ita kaɗai, ya sake faɗa.