Tandar Kalilu Mai Gurbi Talatin

Na fara sanin Kalilu ranar Talata, 14 ga Maris 2017, da na je rumfarsa a hanyar Obi da tukunyar gidanmu da ta huje. Sana'arsa zubin tukwane: ya narka gwangwanayen lemo, ya tsiyaya a mazubin yashi. Ko kallon tukunyata bai yi ba. Zaunar da ni ya yi, ya ɗauki tsinke yana zana tanda a ƙasa.

Matarsa Rekiya tana suyar masa a bakin tasha da tanda mai gurbi bakwai, shi kuwa layin masu jira yana hana shi sukuni. A lissafinsa, da gurbi talatin za ta sallami kowa kafin shayinsu ya huce. To, ya taɓa ƙera mata ludayi mai baki biyu, wanda ke zuba rabin ƙullu a ƙafarta. Shi ya sa ta ja kunnensa: idan wannan ma ta ƙi, za ta tsallaka titi ta sayi tandar Babandi, wanda shi ma zubi yake yi, kuma da rana tsaka za ta saya. Duk duniya ba abin da Kalilu ke tsoro kamar a ga matarsa da kayan Babandi a kai.

Sai ya duƙufa. Ya gwada yashin rafi, ya gwada mai laka, ya auna zurfin gurbi da murfin kofi. Zubin farko ya fito da gurbi sha tara da wani abu mai kama da sawun akuya. Na gaba ya fito sumul, faffaɗa kamar ƙyauren taga, layi shida, kowane layi gurbi biyar.

Ranar gwaji aka ɗora ta a murhu. Na tsakiya suka ƙone ƙurmus, na gefe suna nan ƙullu. Kalilu ya ce matsalar wuta ce, ya jera murhu uku. Sai hannun Rekiya ya kasa kaiwa tsakiya. Ya ce matsalar hannu ce, ya ɗaura cokalinta a jikin sandar tsintsiya. Ta juya guda ɗaya, masar ta tashi sama ta sauka a kan tankin wani ɗan acaɓa, ya ɗauka ya cinye, ya ce ai ta yi daɗi.

"Baban Kamal," in ji Rekiya, "ni masa nake soyawa ko kifi nake kamawa?"

Ya ce ta yi haƙuri, saura gyara ɗaya: zai sa wa tandar ƙafar keke ta riƙa juyawa. Ta gyara ɗaurin zane ta tsallaka titi. Babandi da kansa ya ɗauko mata, ya bi ta gaban rumfar Kalilu, har da sallama.

Aka yar da tandar Kalilu a gindin mangwaro. Can wani tsoho, Aper, ya ƙirga guraben, ya ce ai wannan dara ce, kuma ruwan sama ba zai share ta ba kamar ta ƙasa. Aka kawo tsinkaye da tsakuwa.

Yanzu Kalilu faifan dara yake zubawa, har daga garin Awe ake zuwa saye. Rekiya tana nan da tandar Babandi. Tukunyata kuwa tana rumfar, bai liƙe ta ba.