Rubutun Cikin Murfi

"Wai me yake yi da kwalbata a cikin bokiti?"

"Sitikarka yake yi wa wanka."

"Ni fa man gashi nake sayarwa, ba kifi ba."

"To shiga ka gaya masa da bakinka. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa cin sa a wannan gardamar."

Irin hirar da ake ji ke nan a bencin ƙofar shagon Baban Sitika, mai buga takardun da ake manna wa kwalabe da robobi. Shagon ɗaki ɗaya ne: inji biyu, kanta cike da naɗin takardu, bokitin ruwa, da wani ƙaramin firij da babu abin sha a ciki sai kwalaben gwaji. Ba ya tambayar kalar da kake so sai ya fara tambayar inda kayanka za su zauna. In busasshen kaya ne, takarda marar sheƙi ta isa, har biro yana hawa kanta. In mai ne ko abin shiga firij, sai ta roba, wadda ruwa ke zamewa a kanta. Mai ruwan azurfa kuwa, ya ce ta masu son a hango su daga nesa ce.

Guda ɗaya ce yake yi wa wa'azi, takardar zafi. Ba ta shan tawada, zafin inji ne ke fito da rubutun, kuma in ta daɗe rubutun gogewa yake yi.

"Wannan ta kwana uku ce," yakan ce. "A manna a kwali, kwali ya isa inda za shi, shi ke nan. Kada ka ba ta ajiyar abin da kake so."

Wata Talata da hantsi Auta, ƙaramar 'yarsa, ta shigo da murfin gwangwani a hannu. Mahaifiyarta, wadda ta rasu bara, sabulu take haɗawa, kuma Auta ta ɗauki sana'ar. Sau uku tana gwadawa. Biyu ya ƙi daskarewa, na ukun ya ci mata hannu.

"Baba, Yaya ta ce Umma ta sa ka buga mata awon haɗin. Na samo shi, amma dubi."

Ya juya murfin. A ciki ga sitika fara fat, ko ɗigo babu. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ji santsin da ya sani, sai ya nemi kujera ya zauna.

Ya tuna ranar. Shekara shida ke nan. Matarsa ta tsaya a daidai wurin da Auta ke tsaye tana faɗa yana bugawa, aiki ya yi masa yawa, sai ya buga shi a guntun naɗin takardar zafi da ke cikin ƙaramin inji. Ya ce gobe zai sake mata a ta roba. Ita kuma awon yana kanta, ba ta sake duba murfin ba, balle ta tuna masa.

Tela maƙwabcinsa ya leƙo, almakashi a hannu.

"Lafiya na ji shagon shiru?" Ya kalli murfin, ya kalli abokinsa. "A'a! Mai wa'azi da kansa? Mu ka hana, ka kai gida?"

"Tela, bar ni da abin da ke damuna. Dutsen gugarka da zafi?"

"Yanzu na kashe."

"Kawo shi."

Ya yi wa Auta bayani a hankali. Inda rubutu ya taɓa zama ya riga ya ƙone, ba zai sake yin baƙi ba. Sauran takardar kuwa da ranta. In aka ɗumama ta, jikin zai yi duhu, haruffan su fito fari.

"Amma sau ɗaya ake yi. In zafin ya zarce, duka za ta koma kamar gindin tukunya."

"In ya ɓaci fa, Baba?"

"To ya tafi ke nan, Auta. Ba wani wurin da aka rubuta shi."

Ta gyaɗa kai.

Ya fara gwadawa da tsofaffin sitikun wani kwali. Ta farko ta ƙone ƙurmus. Ta biyu ta fito. Sai ya kifa dutsen gugar, ya riƙe murfin da tsumma a samansa, tazarar yatsa uku, yana ƙirga a ransa.

Gefen takardar ya fara yin toka-toka. Duhun ya riƙa rarrafowa tsakiya, ga wasu fararen layuka suna tasowa kamar sawun tsuntsu. Ya janye hannu da sauri ya ajiye murfin a kan tebur.

"Ya fito!" in ji Tela. "Wallahi ya fito!"

Baban Sitika ya sunkuya, amma tabaransa ya yi hazo, kuma ba daga dutsen guga ba ne. Ya cire shi ya goge da bakin riga. Ya miƙe ya zare naɗin takardar roba mafi kauri daga cikin kantar shagon, ya ɗora a babban inji, ya ja kujera gaban kwamfuta.

"Auta, matso da shi wajen taga. Karanto min a hankali, layi-layi, yadda ta faɗa."