Mutumin da Ya Miƙa wa Munzir Usur

Kowace Asabar da hantsi Malam Sharhabilu kan rufe shagonsa na ɗinkin littattafai a unguwar Darrasa ta Alƙahira, ya hau bas zuwa unguwar Abbasiya. A bakin filin hoki akwai wani tsohon tebur mai gurguwar ƙafa. Ya tokare ta da kwali, ya zauna, ya zuba shayi. Shekara goma sha bakwai ke nan yana shugabantar kwamitin ɗa'a na gasar hoki ta ɗalibai baƙi a Alƙahira. Ba a taɓa ɗaga shi sama an yi masa tafi ba. Aikinsa kawai, duk wanda ya ci mutuncin alƙalin wasa ya gurfana gabansa.

Waɗanda suka kalli wasan kusa da na ƙarshe, shekara huɗu baya, har yau suna maganarsa. Alƙaliyar wasan wata 'yar Masar ce, Reem, shekararta ta farko da riƙe usur. Ta soke ƙwallon da Munzir, gwanin ƙungiyar ɗaliban Nijar, ya ci. Munzir ya yi jifa da sandarsa ta faɗi a ƙafarta. Kocinsu Ma'azu ya shigo fili yana nuna ta da yatsa, wai ta koma kicin. Duk da haka su suka yi nasara. Reem ta fita, ta ce ba za ta sake zuwa ba.

Ma'azu kuwa ɗan Damagaram ne kamar Sharhabilu, ɗaki ɗaya suka zauna zamanin karatu. Washegari ya same shi a shago.

"Haba Sharhabilu, ma'alish mana, a yi haƙuri. Zafin wasa ne. Saura kwana shida wasan ƙarshe, in ba Munzir wa muke da shi?"

"Da 'yarka Hanifa ce da usur ɗin, zafin wasa za ka kira shi?"

Ma'azu ya sunkuyar da kai. "To a bari sai mun ɗauki kofi."

"Khalas, magana ta ƙare, Ma'azu. Gobe ƙarfe goma, ku zo tare."

Kwamiti ya dakatar da koci wasa uku, Munzir biyu. Sharhabilu ya ƙara sharaɗi: Munzir zai yi alƙalancin wasa huɗu na sababbin ɗalibai. Kofi ya kuɓuce musu da ci ɗaya. Wata biyu Ma'azu ba ya amsa wa Sharhabilu sallama, wasu ɗalibai har suna cewa ya sayar da 'yan ƙasarsu. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai janye ko kalma ba. Da ƙafarsa ya je unguwar Dokki ya ba Reem haƙuri a gaban mahaifinta, ta yarda ta dawo.

Ranar farko da Munzir ya riƙe usur, da aka tafi hutu ya nufo teburin jiƙe da gumi.

"Baba, wallahi ina ganin ƙwallon, amma kafin in busa mutum goma sun yanke hukunci suna zagina."

"Yalla, maza koma. Saura rabi."

Yau Munzir alƙalin wasa ne, sau da yawa shi da Reem ke raba fili. Ma'azu ma ya sauko. Wata Juma'a ya shigo shagon da kilishin da aka aiko masa daga gida, ya ajiye, ya ce, "Shayin naka ya ƙare ne?"

Ƙarshen watan nan Malam Sharhabilu zai sauka, idanu sun fara gajiya. Kai ne, Malam, ka nuna mana ana iya hukunta mutum ba a wulaƙanta shi ba. Kai ne ka tsaya wa 'yar mutane ranar da naka suka fi ta yawa da murya. Gaskiya dokin ƙarfe ba za mu kira ka ba, don ba ka son kirari. Mun gode kawai, Allah Ya saka da alheri. Wanda zai gaji kujerar nan kuma ya shirya: wata rana amininsa ne zai tsaya gabansa.