Irin Albasar Ɗantsoho

Shekara hamsin Ɗantsoho na Jiga Makera bai taɓa sayen irin albasa ba. Wanda mahaifinsa ya bar masa a gora shi yake juyawa. Kowace shekara sai ya tsinci manyan albasa jajaye, ya binne su a garkar bayan gida, kusa da tumatir ɗin matarsa Iyatu. Su yi farin fure, bazara na shigowa ya yanke kawunan ya sussuke iri.

Garkar ba tasa ba ce shi kaɗai. Damo na shan rana bakin rijiya, ƙudan zuma na da amya bisa tsamiya, kurege kuwa ɓarawo ne na fili.

"Malam, kuregen ga ya fi ni cin tumatir ɗina," in ji Iyatu.

"Ƙyale shi. Ya riga ki tarewa gidan ga."

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi daidai lokacin fure. Ɗansa Haliru, direba a Jega, ya zo dubiya. Ya leƙa garka, ya ga ƙwari a ganye, ya aro injin feshi. Da hantsi, zuma na kan furanni, ya yi musu wanka da magani. Ya shigo yana murmushi.

"Baba, na gama maka da ƙwarin nan kaf."

Ɗantsoho ya tashi zaune. "Har furen?"

"Har shi."

"Ai zumar ce ke sa shi ɗaukar iri, Haliru. Tun kana goye kake ganinta."

Washegari Iyatu ta share matattun zuma cike da faranti. Amya ta yi tsit.

Da kawunan suka bushe, Ɗantsoho ya sussuke su kamar kullum, ya zuba a ƙwaryar ruwa. Iri mai rai nitsewa yake yi. Wannan duk ya taso sama. Ya sa yatsa ya motsa, ya jira. Ko ƙwaya ɗaya ba ta sauka ba. Gorar kuwa babu saura, don bai taɓa ajiye na shekara biyu ba.

Haliru ya kawo masa irin gwangwani daga kasuwar Aliero. Ɗantsoho ya ce an gode, ya miƙa wa Iyatu ba tare da ya duba ba. Bana ita ta shuka garkar. Shi ko ƙofar bai leƙa ba.