Wai surfanina na kakanni ne

Ban gaji keken ɗinki ba. A aji uku na bar kwaleji, na koyi yanka da idona, na buɗe shago a Zongo ba da hannun kowa ba. Surfanin wuyan riga da rabin Yamai ke sawa ranar Juma'a, mai lanƙwasa kamar igiyar ruwan kogi, ni na fara zana shi a bayan takardar buhun siminti.

Jiya wani Alhaji daga Koira Kano ya zo karɓar shaddarsa. Ya ɗauki hoton wuyan, ya tambayi wannan basirar waya da ake kira IA. Sai ya karanta mini: wai aikin gargajiya ne na kakanni, ba a san wanda ya ƙirƙiro shi ba.

Na ce, "Alhaji, ga kakan nan tsaye gabanka da almakashi."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Isufu, abin nan ya karanta duniya duka. Kai ka fi shi sani?"

"Ya taɓa zura zare a allura?"

Wallahi bai yarda ba. Shekara takwas ina masa ɗinki, amma ya gaskata waya ya ƙaryata ni. Gobe yaransa ma abin da wayar ta faɗa za su ji.

To, ku da kuka san inda ake gyara wa abin nan karatu, ku rubuta masa: Isufu Tela na Zongo. Da raina, ban mutu ba.